William Nylander

William Nylander (an haife shi ranar 3 ga watan Janairu, 1822, ya mutu ranar 29 ga watan Maris, 1899) masanin tsirrai da ƙwari ne ɗan ƙasar Finland, wanda ya yi mafi yawan shekarun aikinsa a birnin Faris na ƙasar Faransa. Likitanci ya karanta, amma abin da aka san shi da shi shi ne nazarin laiken, wato ɗan ɓawon nan mai launin toka-toka, ko kore-kore, ko rawaya, da ake gani manne a jikin itatuwa da duwatsu da tsofaffin katangu. Ya raɗa wa nau'o'in laiken fiye da 3,000 suna, ya kuma shigo da amfani da sinadarai wajen rarrabe su. A shekarar 1866 ya wallafa wata gajeriyar maƙala a kan laiken ɗin da ke Lambun Luxembourg a tsakiyar Faris, inda ya nuna cewa yawansu ko ƙarancinsu a wuri yana bayyana lafiyar iskar da mutanen wurin ke shaƙa. Wannan maƙalar ce ake yawan ambata a matsayin mafarin amfani da laiken wajen gano gurɓatar iska. Ya kuma yi suna da kafiya: har ya mutu bai yarda cewa laiken halittu biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya ba, alhali gaskiyar ke nan.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Nylander a Oulu, wani garin bakin teku da ke arewacin Finland wanda a lokacin ya shahara da fitar da kwaltar itacen fain da ake shafa wa jiragen ruwa. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Yana ɗan wata huɗu da 'yan kwanaki, a watan Mayu na 1822, gobara ta cinye mafi yawan garin. A wancan zamanin Finland ba ƙasa ce mai cin gashin kanta ba. Tun 1809 ta fita daga hannun Suwidin ta koma ƙarƙashin sarkin Rasha, ko da yake harshen Suwidin ne ya ci gaba da zama harshen masu ilimi da na ofisoshi. Yayansa, Fredrik Nylander (1820–1880), shi ma likita ne kuma masanin tsirrai.

A shekarar 1839 ya shiga jami'ar Helsinki, wadda aka dawo da ita daga Turku a 1828 bayan gobarar da ta ci wancan birnin. Ya kammala karatun likita a 1847, sai dai asibiti bai riƙe shi ba. Hankalinsa na farko ya tafi ne ga ƙwari. Tun yana ɗalibi, a 1846, ya wallafa nazari da harshen Latin a kan tururuwan arewacin Turai, kuma sunayen da ya ba wasu daga cikinsu, kamar Myrmica ruginodis da Myrmica scabrinodis da Formica exsecta, har yau da su ake amfani. A 1848 ya yi irin wannan aiki a kan dangin ƙudan zuma na arewa. Ko da a ce a nan ya tsaya, da sunansa ya zauna a littattafan masana ƙwari.

Abin da ake kira laiken

Ba za a gane aikin Nylander ba sai an san abin da ya ƙare rayuwarsa a kai. Laiken ba gansakuka ba ce, ko da yake mutane kan haɗa su a suna ɗaya. Ilimin yau ya tabbatar cewa haɗin gwiwa ne tsakanin naman gwari, wato dangin funfuna da naman kaza, da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu launin kore da ke iya haɗa abinci daga hasken rana. Naman gwarin shi ke gina jiki, ya riƙe ruwa, ya ba da inuwa. Korayen ƙwayoyin kuma su ciyar da shi da sukarin da suka haɗa. An san nau'o'i kusan 20,000 a duniya. Ta fuskar siffa akan kasa su gida uku: masu liƙewa ƙam kamar fenti, waɗanda ba a ɓamɓare su sai da ɓawon itacen ko ɓarin dutsen, masu kama da ƙananan ganyaye da gefensu ke ɗagowa, sai masu reshe-reshe da ke tsayawa kamar ƙaramin kurmi ko su reto kamar gemu.

Laiken ba shi da saiwa. Ba shi kuma da irin fatar kakin da ke kare ganyen itace, ba shi da ƙofofin numfashi da zai rufe idan iska ta ɓaci. Ruwansa da gishirinsa duk daga ruwan sama da raɓa da ƙura yake samunsu, ta ko'ina a jikinsa. Ba ya kaɗe ganye a shekara balle ya zubar da gubar da ya tara, kuma girmansa a hankali yake, wasu nau'o'in milimita ɗaya ko biyu kawai suke ƙarawa a shekara. Saboda haka duk abin da ke cikin iska, mai kyau da marar kyau, a jikinsa yake taruwa.

Tsakanin Faris da Helsinki

Wanda ake kira uban ilimin laiken shi ne Erik Acharius (1757–1819), ɗan Suwidin, almajirin Carl Linnaeus. Jami'ar Helsinki ta sayi tarin busassun laiken ɗinsa a 1834, don haka Nylander ya tashi da wannan dukiya a kusa da shi. Amma Acharius da ido da ƙaramin gilashi ya yi aikinsa. Zamanin Nylander zamanin madubin likita ne, kuma cibiyar wannan aiki tana Faris, inda ake da babban gidan tarihin halittu na ƙasa da masana irin su Louis René Tulasne, wanda ya fayyace cikin jikin laiken a wani nazari na 1852. Nylander ya fara zuwa Faris a 1848, kuma mafi yawan shekarun 1850 a can ya yi su, yana duba samfuran da matafiya da jami'an mulkin mallaka suke aikowa daga sassan duniya.

A 1854 da 1855 ya fito da sabon tsarin rarraba laiken. A 1857 ya wallafa littafi a kan laiken ɗin Faransa da Aljeriya, sannan daga 1858 zuwa 1860 ya fitar da juzu'i na farko na Synopsis methodica lichenum, littafin da ya yi niyyar ya tattara dukkan laiken ɗin duniya a cikinsa. Bai taɓa kammala shi ba. A tsarinsa ya ƙi bin Abramo Massalongo na Italiya da Gustav Körber na Jamus, waɗanda suka riƙa ƙirƙiro sababbin dangogi bisa siffar ƙwayoyin iri kaɗai. Shi a ganinsa sai an duba jikin gaba ɗaya.

A 1857 aka naɗa shi farfesan ilimin tsirrai na farko a jami'ar Helsinki. Ya yi aiki a kan tsirran ƙasarsa: shi da Thomas Saelan suka fitar da jerin tsirran Finland a 1859, a 1861 kuma ya wallafa Lichenes Scandinaviae. Amma zaman bai yi masa daɗi ba. Koyarwa da tarurrukan jami'a ba su dace da halinsa ba, ga saɓani da abokan aiki, ga kuma nisa da tarin samfuran Faris. A 1863 ya ajiye kujerar, ya koma Faris ba tare da albashi ko muƙami ba. Sextus Otto Lindberg, masanin gansakuka, shi ya gaje shi a 1865. Daga nan har mutuwarsa, shekara 36, Nylander a Faris ya zauna, yana rayuwa da ɗan abin da yake samu daga tantance samfuran da ake aiko masa.

Kuma an aiko masa da yawa. Ya rubuta a kan laiken ɗin Kolombiya a 1863, na tsibirin New Caledonia a 1868, na Angola waɗanda Friedrich Welwitsch ya tattaro a 1869, na New Zealand da na kudancin Ajantina da Chile a 1888, da na Japan a 1890. Aikinsa mafi kusa da Najeriya shi ne na 1889 a kan tsibiran Mashigin Tekun Gini, wato São Tomé da Príncipe, bisa samfuran da Turawan Fotugal suka tattaro. Galibin waɗannan ƙasashe bai taka su ba. A kan teburinsa ya san su, cikin ƙananan ƙunshin takarda.

Gwajin sinadarai

Matsalar mai nazarin laiken ita ce nau'o'i biyu kan yi kama ƙwarai a ido, har a ƙarƙashin madubi, amma su bambanta. A tsakiyar shekarun 1860 Nylander ya samo mafita daga wajen masu rini. An daɗe ana fitar da launin shuni da ja daga laiken ɗin dangin Roccella, daga cikinsu ne ma ake yin takardar litmos da ɗalibai ke gwada tsami da ita a ɗakin gwaje-gwaje. Ya lura cewa idan aka ɗiga wasu sinadarai a jikin laiken, wani nau'in kan canza launi nan take, wani kuma ko gezau. A 1865 ya rubuta a kan amfani da aidin, wanda ke mayar da wasu sassan gidan iri shuɗi. A 1866 ya gabatar da wasu biyu: fotasiyam haidroksaid, ɗan'uwan ruwan tokar da ake dafa sabulu da shi, da kuma sinadarin bilic da ake farar da tufafi. Misali, laiken ɗin nan mai ruwan lemo da ake kira Xanthoria parietina, da an ɗiga masa na farkon sai ya koma ja mai duhu kamar jini, wasu kuma cikinsu kan yi ja idan bilic ya taɓa shi.

Har yau masu wannan fanni suna yawo da 'yan kwalabe biyu masu alamar K da C, kuma littattafan tantance laiken suna rubuta sakamakon gwajin a gefen kowane suna. Limaman coci biyu na Birtaniya da suka shahara a fannin, William Allport Leighton da James Crombie, sun rungumi hanyar tun da wuri. Wasu kuma, irin su Theodor Magnus Fries na Uppsala da Jean Müller na Geneva, sun soke ta, suna ganin canjin launi kaɗai bai isa a ce an sami sabon nau'i ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin Nylander ya raɗa sunaye da dama a kan bambancin launi kawai, cikin bayanin layi uku ko huɗu ba tare da zane ba, kuma masana na baya sun sha wahalar warware su. Duk da haka ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba. Bajamushe Wilhelm Zopf ya tattara sinadaran laiken a littafi a 1907, Yasuhiko Asahina na Japan ya ƙara gwaji na uku a 1934, kuma a yau an san ɗaruruwan sinadarai da ba a samun yawancinsu a ko'ina sai a jikin laiken.

Lambun Luxembourg

Faris ɗin da Nylander ya koma a 1863 birni ne da ake rushewa ana sake ginawa. Tun 1853 Georges-Eugène Haussmann yake fasa tsofaffin unguwanni yana shimfiɗa manyan tituna bisa umarnin Napoleon na Uku. Jama'a na ƙaruwa, jiragen ƙasa da masana'antu da murhun gidaje suna ƙona kwal. Lambun Luxembourg, wanda sarauniya Marie de Médicis ta fara a 1612, fili ne mai sama da hekta 20 a kudancin kogin Seine, kuma yana cikin 'yan wuraren da suka rage da manyan tsofaffin itatuwa a cikin gari.

Nylander ya bi itatuwan lambun da shingayensa da duwatsun gininsa, ya rubuta nau'o'in laiken sama da 30. Ya wallafa sakamakon a mujallar ƙungiyar masana tsirrai ta Faransa a 1866. Jerin sunayen ba shi ne abin da ya ɗaukaka maƙalar ba, 'yan layukan da ya gabatar da ita da su ne. Ya lura cewa yawancin laiken suna gudun birane, kuma waɗanda suka daure suka zauna ba sa cika girma, sukan tsumbure, sau da yawa ba sa yin gidan iri. Itatuwan sauran lambunan tsakiyar birni kusan tsirara suke, in ban da ɗan koren gari da ke shafe a jikinsu. Amma itatuwan da ke jere a hanyar da ta nufi gidan duban taurari, a kudancin Luxembourg, sun cika da laiken irin yadda ba a gani sai an fita bayan gari. Daga nan ya yanke cewa laiken tamkar ma'aunin lafiyar iska ne mai saurin ji, kuma wannan ɓangaren lambun shi ne wuri mafi tsabtar iska a duk Faris.

Ba shi ne mutum na farko da ya ga haka ba. A Ingila, Leo Grindon ya rubuta a 1859 cewa laiken na raguwa a kewayen Manchester saboda sare tsofaffin dazuzzuka da hayaƙin masana'antu. Bambancin shi ne Nylander ya juya maganar. Grindon ya yi kukan abin da hayaƙi ya yi wa laiken, shi kuwa Nylander cewa ya yi a dubi laiken a san halin iska. Ga kuma nauyin sunansa: mutumin da ya fi kowa sanin nau'o'in ne ya yi jerin, a wuri ɗaya sananne, da shekara a rubuce, ta yadda duk wanda ya zo daga baya zai iya komawa ya sake ƙirgawa.

Shi da kansa ya fara komawa. A littafinsa na 1896 a kan laiken ɗin kewayen Faris ya ba da labarin cewa waɗanda ya gani a itatuwan lambun shekara 30 da suka wuce sun ɓace, saura 'yan kaɗan a kan duwatsun gini. Dutsen farar ƙasa yana kashe kaifin tsami, shi ya sa laiken kan daɗe a kansa bayan ya mutu a jikin itace. Nylander bai san ainihin sinadarin da ke yin ɓarnar ba. Sai a ƙarni na 20 aka tabbatar cewa babban mai laifin iskar salfa dayoksaid ce, wadda ke fita idan aka ƙona kwal ko man da ke ɗauke da farar wuta. Tana narkewa a cikin danshin jikin laiken ta zama tsami, ta lalata koren sinadarin da ƙwayoyin ke haɗa abinci da shi. Idan mai ciyarwa ya mutu, naman gwarin ma bin sa yake yi.

Rigimarsa da Schwendener

A nan ne labarin yake da ban mamaki, domin bayanin da ya fi kowane fayyace abin da Nylander ya gani a lambun, shi ne bayanin da ya yi shekara 30 yana yaƙa. A 1867 wani masanin tsirrai ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana cewa korayen ƙwayoyin da ke cikin laiken ba sassan jikinsa ba ne, wata halitta ce dabam da naman gwari ya kama ya tsare. Ya faɗaɗa bayanin a 1869, yana kwatanta naman gwarin da ubangida, ƙwayoyin kuma da bayin da ke yi masa noma. Nylander ya ɗauki wannan a matsayin tatsuniya. A wurinsa laiken halitta ce guda mai zaman kanta, ita ke haifar da korayen ƙwayoyinta, kuma wanda bai yi shekaru yana duba dubban samfura ba bai isa ya gaya masa akasin haka ba.

Hujjoji suka yi ta taruwa a ɓangaren Schwendener. Édouard Bornet a Faransa ya nuna a 1873 cewa ƙwayoyin daidai suke da waɗanda ke rayuwa su kaɗai a waje. Ernst Stahl a Jamus ya haɗa laiken daga sassansa biyu a 1877, Gaston Bonnier ya maimaita irin wannan a shekarun 1880. Daga wannan muhawarar ne ma kalmar simbiyosis, wato zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin halittu mabambanta, ta shigo ilimin halittu ta hannun Albert Frank a 1877 da Anton de Bary a 1879. Nylander bai motsa ba. Ya riƙa mayar da martani mai zafi a mujallu, musamman mujallar Flora ta Jamus inda ya fi yin rubutu, kuma duk wanda ya karɓi sabon ra'ayin sai ya yanke hulɗa da shi. Har ɗan ƙasarsu Edvard Vainio, wanda shi ne ya gaje shi a matsayin babban masanin laiken na Finland, bai tsira ba bayan ya sanya laiken cikin dangin naman gwari a littafinsa na 1890 a kan laiken ɗin Barazil.

Adalci shi ne a ce ba shi kaɗai ya yi wannan kuskuren ba. Crombie da Müller da Fries, duk da saɓaninsu da juna a wasu batutuwa, sun ƙi ra'ayin Schwendener a farko. Amma a wurin Nylander abin ya zama na rai da rai, ya raba shi da gidan tarihin halittu na Faris da abokai da yawa, ya bar shi cikin kaɗaici.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

Kwalejin Kimiyya ta Faransa ta ba shi lambar yabo ta Desmazières a 1868, amma yabo ba ya biyan kuɗin haya. A 1878 ya yi yarjejeniya da jami'ar Helsinki: za ta riƙa ba shi fansho duk shekara har ƙarshen ransa, shi kuma tarin samfuransa da littattafansa da wasiƙunsa su zama nata bayan mutuwarsa. Cikin 'yan kaɗan da suka riƙe amincinsa har ƙarshe akwai Johan Petter Norrlin na Helsinki, wanda suka fitar da jerin busassun laiken ɗin Finland tare, kuma shi ne ya rubuta tarihin rayuwarsa daga baya.

Ya ƙare rayuwarsa a wani ƙaramin gida a kudancin Faris, ba ya cika karɓar baƙi, yana aiki har kwanakinsa na ƙarshe. Ya mutu shi kaɗai ranar 29 ga watan Maris, 1899, yana da shekara 77. An kwashe tarinsa zuwa Helsinki kamar yadda aka yi alkawari. Samfura ne fiye da 50,000, kuma a yau suna gidan tarihin halittu na Finland, a ajiye dabam da sauran, kusa da na Acharius.

Abin da ya biyo bayan maƙalar 1866

Masana sun ɗauki hanyar birni bayan birni. Ferdinand Arnold ya yi nazarin Munich a shekarun 1890. Rutger Sernander ya kasa Stockholm gida uku a 1926: tsakiyar da babu laiken, wadda ya kwatanta da hamada, sai yankin da suke fama su rayu, sai bayan gari inda suke yadda ya kamata. An yi gardama mai tsawo a kan ko bushewar iskar birni ce ke kashe su ba hayaƙi ba, ra'ayin da Jan Rydzak na Poland ya kare a shekarun 1950. Na'urorin auna iska ne suka raba gardamar. A 1970 David Hawksworth da Francis Rose suka wallafa a mujallar Nature wani ma'auni mai matakai daga 0 zuwa 10 na Ingila da Wales, inda kowane mataki yake da nau'o'in da ake sa ran gani a jikin itace da kuma yawan salfa dayoksaid na lokacin sanyi, daga sama da maikurogiram 170 a kowace kubik mita ta iska a wuraren da suka fi ɓaci, zuwa ƙasa da 30 a masu tsabta. Masu kama da gemu su ke fara ɓacewa, masu ganye su bi, masu liƙewa su rage. Wanda ya fi kowa juriya, har ya mamaye itatuwan biranen Turai a tsakiyar ƙarni na 20, shi ne Lecanora conizaeoides, kuma Nylander ne ya raɗa masa wannan suna, Crombie ya wallafa shi a 1885.

Sauƙin hanyar ya sa a farkon shekarun 1970 'yan makaranta a Birtaniya suka yi amfani da ita wajen zana taswirar gurɓatar iskar ƙasar. A 1997 Cesare Cislaghi da Pier Luigi Nimis suka nuna cewa a yankin Veneto na Italiya, wuraren da nau'o'in laiken suka yi ƙaranci sun zo daidai da wuraren da kansar huhu ta fi kashe maza. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ba ƙirga nau'o'i ake yi ba, jikin laiken ɗin ake niƙawa a auna ƙarafa masu guba irin su dalma da zaiba da ya tara. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, laiken ɗin arewacin Suwidin da Norway ya shanye sinadarin sisiyam mai tururin nukiliya, ya shiga naman barewar da mutanen Sami ke kiwo, har aka hana sayar da nama mai yawa.

Da Turai ta rage ƙona kwal, laiken ya fara dawowa. A 1991 Mark Seaward da Marie-Agnès Letrouit-Galinou suka wallafa rahoton cewa itatuwan Lambun Luxembourg sun sake samun laiken bayan kusan shekara 100. Sai dai waɗanda suka fi yawa a biranen Turai yanzu masu son sinadarin naitirojin ne, irin su Xanthoria parietina, alamar cewa hayaƙin motoci da takin gona sun maye gurbin kwal.

A ƙasashe masu zafi

Ma'aunin da aka yi don itatuwan Ingila ba a ɗauko shi a ɗora a kan tsamiya ko ɗorawa ko kaɗanya a Yauri, Ngaski ko Shanga. A wannan yanki rani yana cin wajen rabin shekara, ga ƙurar hunturu, ga wutar daji da ke lasar gindin itatuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya rage laiken ko da iska ba ta da hayaƙin masana'anta, wato dai tsohuwar tambayar Rydzak ce take dawowa. Mai son kwatantawa dole ya duba itace iri ɗaya, mai kauri ɗaya, a tsayi ɗaya daga ƙasa, ta fuska ɗaya, ya kuma tuna cewa itacen da ke bakin Tafkin Kainji, wanda aka tare ruwansa a 1968, yana samun danshin da na kan tudu ba ya samu.

Hanyar da aka yi amfani da ita a wasu jami'o'in Najeriya ita ce ta biyu, wato auna ƙarafan da laiken ko gansakuka suka tara a gefen tituna da kusa da masana'antu. Tana da arha idan aka kwatanta da kafa na'urar auna iska mai buƙatar lantarki dare da rana, kuma ta dace da wuraren haƙar zinare na gargajiya irin na masarautar Yauri, domin inda duk ake ƙona zaiba don tace zinare, tururinta iska yake bi, kuma laiken yana riƙe ta. An yi irin wannan awon a tsofaffin ma'adinan zaiba na Dutsen Amiata a Italiya.

Sunansa a ilimin halittu

Idan aka ga Nyl. a ƙarshen sunan laiken na Latin, Nylander ne ya raɗa wannan sunan. Masana ƙwari ma ba su manta da shi ba: akwai wata ƙaramar tururuwar dazuzzukan Turai mai suna Temnothorax nylanderi, wadda ke ɗauke da sunansa tun 1850, kuma a 1906 Carlo Emery na Italiya ya sanya wa wani rukunin tururuwa suna Nylanderia, wanda yau ake samun nau'o'insa a sassa masu ɗumi na duniya, har da Afirka.